Ana haɗa giyar inabi da wiski a kofi ɗaya? E, amma ba yadda ka yi ba

Ga tambayar da wani ƙanenmu ya turo: "Yaya, wata na biyu kenan da fara aiki a mashayar wani otel. Jiya wani kwastoma yace in haɗa masa jar giyar inabi da wiski, na zuba rabi da rabi na miƙa masa, kurɓa ɗaya yayi ya ture kofin ya tafi. Abokin aikina kuma yace dama ba a haɗa su, wai abin inabi da abin hatsi basa zama ciki ɗaya, ciwon kai kawai suke kawowa. Wanne ne gaskiya?"

Toh ƙanena, kai da abokin naka duk kun kauce hanya, amma naka kuskuren yafi sauƙin gyara domin na hannu ne, nasa kuwa na ji-ta-ji-ta ne. Na daɗe a bayan kanta ina wannan aiki kuma zan gaya maka kai tsaye, ana haɗa su, an fi shekara ɗari da talatin ana haɗa su, kuma na tabbata kai kanka ka haɗa su a cikin wata biyun nan ba tare da ka sani ba. Ka taɓa yiwa wani haɗin nan da ake kira Manhattan? In ka taɓa to ka riga ka zuba giyar inabi cikin wiski, saboda wannan vermouth ɗin da ke cikinsa ba komai bane illa giyar inabi da aka ƙara wa ƙarfin barasa aka jiƙa ganyayyaki da saiwoyi da ɓawon itatuwa a ciki. Dokar Tarayyar Turai ma cewa tayi dole aƙalla kashi 75 cikin 100 na abin da ke kwalbar ya zama giyar inabi kafin a kira shi da wannan suna, ƙarfinsa kuma tsakanin kashi 14.5 ne zuwa 22. A birnin Turin na Italiya Antonio Benedetto Carpano ya fara fitar da irin jan nan mai zaƙi a 1786, mara zaƙin kuma daga Faransa ya fito, Joseph Noilly a 1813. Da ya ƙetara Amurka sai masu haɗa giya na Niyok suka gwama shi da wiskinsu, zuwa shekarun 1880 Manhattan ya riga ya shiga littattafan haɗi, a 1894 aka yi irinsa da wiskin Sikotilan a otel ɗin Waldorf aka sa masa Rob Roy, a 1927 Boulevardier ya bayyana a rubuce a Faris, wiski da vermouth da Campari, wata jar giya mai ɗaci ta Italiya. Ka duba Bobby Burns, ka duba Vieux Carré na birnin New Orleans, duk gida ɗaya ne. Kaga kenan wanda yace ba a haɗawa ya kori da yawa daga cikin abin da ake sayarwa a mashayar da yake aiki.

Kai bari ma in ƙara maka, da yawan wiskin da ke jere a bayanka sun sha giyar inabi tun kafin su shiga kwalba. Dokar Sikotilan tace sai wiski yayi aƙalla shekara 3 a gangar itacen oak, kuma da yawan gangunan nan a da sheri ne a cikinsu, wato giyar inabin yankin Jerez na Sifaniya. Macallan, Glenfarclas, GlenDronach, sunan da suka yi kan gangar sheri suka yi shi. Glenmorangie Quinta Ruban a gangar port, wato giyar inabin Fotugal da aka ƙara wa barasa, ake ƙarasa shi, Angel's Envy na Amurka ma haka. Wannan ƙamshin busasshen inabi da ɓaure da kake ji idan ka buɗe irinsu daga nan ya samo. Masu yin wiskin da kansu suna kashe kuɗi mai yawa don wiski ya ɗauki ɗanɗanon inabi, sai wani ya zo yace basa jituwa.

Yanzu mu dawo kan kofin da aka ture maka, don nan ne darasin yake.

Abin da ka yi, ka ɗauki abu biyu da kowannensu an gama shi, an daidaita shi don a sha shi haka nan, ka gwara kansu. Giyar inabi ta tebur, wato wadda ba a ƙara wa barasa ba, ƙarfinta kashi 12 zuwa 15 ne, wiski kuwa daga kashi 40 yake farawa. In ka zuba mil 60 na wannan da mil 60 na wancan zaka samu wani abu mai ƙarfin wajen kashi 26, ya yi wa mai son inabi zafi a maƙogwaro, ya yi wa mai son wiski lami, babu wanda ka faranta wa. Wannan ɗaya kenan. Na biyu kuma wanda yafi muni shine bauri. Jar giyar inabi tana da sinadarin tanin da ke fitowa daga ɓawon inabi da ƙwallonsa, shine yake sa ka ji baki ya bushe harshe ya yi kaushi kamar ka tauna ɗanyen ɗan itace, shi kuma wiski ya kwaso nasa tanin ɗin daga katakon ganga, musamman bourbon, wiskin Amurka da ake yi da masara, wanda doka tace dole a sabuwar ganga da aka babbake cikinta za a ajiye shi. Bauri kan bauri kenan, ga barasa mai ƙarfi tana ƙara tsananta shi, ga babu sukari ko ɗigo da zai lallashi harshe, ga babu ƙanƙara in dai yadda ka bani labari ne. Na uku, mutane suna zaton tunda inabi yana da ɗan tsami zai yi aikin lemun tsami, ina! Tsamin da ke cikin giyar inabi bai fi gram 5 zuwa 7 a lita ba, na ruwan lemun tsami kuwa kusan ninki goma ne, shi yasa da ka zuba wiski a kai tsamin inabin ya ɓace sai ɗaci da zafi suka rage. Zaman doya da manja kawai suka yi a kofin, kowa na jan nasa.

Ƙa'idar da nake koya wa duk yaron da ya zo hannuna ita ce dole ɗaya ya zama maigida ɗaya baƙo. Ko dai wiski ne mai gidan inabi ya shigo kaɗan yayi ado, ko inabi ne mai gidan wiski ya shigo kaɗan ya ba shi ƙashin baya. Rabi da rabi da giyar tebur kusan kullum asara ce.

Misali mafi kyau kuma wanda nake kyautata zaton shi kwastoman naka yake nufi shine New York Sour. Duk da sunan Niyok da ke kansa, masu bin tarihin abin sun fi danganta shi da Shikago a shekarun 1880, kuma ya yi yawo da sunaye daban daban kamar Continental Sour kafin wannan suna ya zauna masa. Yadda nake yinsa: mil 60 na bourbon ko wiskin rye, mil 25 na ruwan lemun tsami wanda aka matse yanzu, irin babban nan mai launin rawaya, ba na kwalba ba don Allah, sai mil 20 zuwa 22 na ruwan sukari wanda aka yi da awo ɗaya na sukari awo ɗaya na ruwa. Ka zuba a gwangwanin girgizawa da ƙanƙara mai yawa ka girgiza sosai kamar daƙiƙa 12, ka tace a gajeren kofin gilas kan sabuwar ƙanƙara, babban dunƙule in kana da shi. Sannan ka kifa dogon cokali bayansa na sama, bakinsa na taɓa saman haɗin, ka tsiyayo mil 15 na jar giyar inabi a hankali a bayan cokalin. Zata shimfiɗu a sama, ja a bisa rawaya a ƙasa, kuma duk kurɓar da mutum yayi inabin ne zai fara taɓa leɓensa sannan tsami da zaƙin su biyo, yana sha suna cakuɗuwa, ɗanɗanon farkon kofi daban na ƙarshe daban. Mil 15 fa nace, cokali ɗaya na cin abinci kenan, kwata na wiskin. Ka kwatanta da mil 60 da ka antaya.

Dalilin da yasa take tsayawa a sama ba siddabaru bane, nauyi ne. Ruwa mil ɗaya gram ɗaya ne, zallar barasa wajen 0.79, jar giya mara zaƙi tana wajen 0.99, shi kuma haɗin da ke ƙasa saboda sukarin da ke ciki ya ɗan haura 1. Tazarar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, shi yasa idan ka yi rowar ruwan sukari ko ka zuba da gaggawa sai ka ga jan ya nutse kofin ya koma launin ruwan wanki. Shi yasa kuma in ka ɗauko giya mai zaƙi kamar port wadda sukarinta yake kai wajen gram 100 a lita ka ce zaka ɗora ta a sama, zata wuce ƙasa abinta ta kwanta a gindin kofi. Wasu ma da gangan suke yin hakan kuma yana da kyaun gani, amma ka san me kake yi.

Wace jar giya? Mai ƙamshin ƴaƴan itace, mara zaƙi, wadda bata daɗe a katako ba. Malbec, Shiraz, Merlot, Grenache, duk suna tafiya. Ƙungiyar masu haɗa giya ta duniya, IBA, a nata tsarin Shiraz ko Malbec ta ambata. Cabernet Sauvignon matashi mai baurin tsiya ka bar shi, Pinot Noir kuma sau tari wiski yana danne shi ka rasa inda ya shiga. Kuma kar ka buɗe kwalba mai tsada don wannan, ɓarna ce, duk wani siririn ƙamshi da aka biya kuɗi dominsa lemun tsami zai tattake shi. Amma kar ka juya maganata ka ɗauko wadda aka buɗe tun makon jiya tana zaune a kan kanta, wadda ba zaka iya miƙa wa mutum a kofi ya sha ba kar ka ɗora ta a kan haɗi.

Batun farin ƙwai, ana sa shi ana kuma barinsa. Ni ina son sa a nan saboda wani dalili da ba kowa ke lura ba, furotin ɗin da ke cikin farin ƙwai yana kama tanin ya rage masa kaifi, masu yin giyar inabi da kansu sun daɗe suna amfani da shi wajen tace jar giya a ganga don ta yi laushi. In zaka sa, ka fara girgiza komai babu ƙanƙara don kumfa ta tashi sannan ka sa ƙanƙara ka sake girgizawa, inabin zai ratsa kumfar ya tsaya a ƙarƙashinta, hawa uku kenan, fari, ja, rawaya. Sai dai ka tambayi mutum tukuna, akwai waɗanda jikinsu baya karɓar ƙwai kuma ɗanyen ƙwai ba abin da ake ɓoye wa mai sha bane.

In kuma kana son haɗin da babu lemun tsami, wanda ake juyawa da cokali ba girgizawa ba, to nan giyar tebur bata da wurin zama, nan fagen giyar inabin da aka ƙarfafa ne, vermouth, sheri, port, Madeira. Su ƙarfinsu daga kashi 15 ne zuwa 22, sun fi kusa da wiski, yawancinsu suna da sukari ko ɗanɗanon katako da ya riga ya yi kama da nasa, shi yasa suke zama gada. Ma'aunin da zaka riƙe biyu da ɗaya ne, mil 60 wiski, mil 30 jan vermouth, ɗigo biyu na bitas, wato ruwan ɗacin nan mai ƙamshi, irin na Angostura, ka juya da ƙanƙara kamar daƙiƙa 30 ka tace a kofi mai sanyi, Manhattan kenan. Daga nan sai wasa. Cire vermouth ka sa port, amma ka rage shi zuwa mil 20 ko 22 don yafi zaƙi kuma bashi da ɗacin ganye, sai ka ƙara bitas ɗigo ɗaya ya cike gurbin. Tawny port da ya daɗe a ganga yana da ɗanɗanon busassun ƴaƴan itace da ƙonannen sukari, shi da bourbon kamar wa da ƙani suke, ruby kuwa sabon jini ne mai ƙamshin jajayen ƴaƴan itace, yafi son rye mai ɗan yaji da zai taka masa burki.

Sheri kuma kar ka ɗauka abu ɗaya ne, nan yara da yawa suke faɗuwa. Fino da Manzanilla basu da zaƙi ko kaɗan, farare ne sirara masu ɗan gishiri gishiri, wiski mai nauyi yana haɗiye su, sai dai da mai sauƙi irin na Ayalan ko na Japan. Amontillado da Oloroso su ne abokan tafiyar wiski na gaskiya, basu da zaƙi amma suna da jiki da garɗi, in ka sa su a madadin vermouth ka tuna zaƙin vermouth ɗin ya fita daga haɗin kenan, don haka ƙaramin cokali ɗaya na ruwan sukari zai daidaita. Pedro Ximénez kuwa ba giya zaka ɗauke shi ba, ka ɗauke shi tamkar zuma, da busasshen inabi ake yinsa kuma da yawansu sukarin lita ɗaya yana kai gram 400. Ƙaramin cokali ɗaya ko biyu a madadin sukari cikin Old Fashioned, wato haɗin wiski da sukari da bitas, shikenan, ka wuce haka ka kashe kofin. Gaskiya a duk haɗe haɗen nan wannan ne nafi so, kuma shine mafi sauƙi.

Bari in baka labarin abin da ya taɓa kunyata ni don kar ya same ka. A wani wuri da na yi aiki ina sabon shiga kamar kai, kullum sai an dawo min da Manhattan, ni kuma na auna daidai na juya daidai, har na fara zargin wiskin. Wata rana wani dattijo da ya fini sanin abin yace in miƙo masa kwalbar vermouth ɗin, ya shinshina ya miƙo min yace shinshina. Warin tsohon kwali da ruwan tsami. Ashe kwalbar ta fi wata shida a buɗe a kan kanta kusa da fitila, babu wanda ya taɓa tunanin giyar inabi ce kuma tana lalacewa. Ruwa baya tsami banza. Wiski zaka iya buɗe shi ya shekara bai canza sosai ba, amma duk abin da asalinsa inabi ne da zarar iska ta shiga ya fara mutuwa. Vermouth in an buɗe firji zai shiga, ka rubuta ranar buɗewa a jikin kwalbar, wata ɗaya zuwa biyu ka rabu da shi. Fino kwanaki ne kawai, mako ɗaya ya isa. Oloroso da tawny suna jure makonni. Madeira ce kaɗai jaruma a cikinsu don ita tun wajen yinta an gasa ta an bar iska ta gama da ita, babu abin da ya rage da zai same ta.

Sai masu kumfa, shampen da Prosecco da Cava. Nan inabi ne mai gida, wiski baƙo. Mil 30 zuwa 45 na bourbon, ɗan lemun tsami, ɗan ruwan sukari, ka girgiza waɗannan kaɗai ka tace sannan ka cika da mai kumfar mai sanyi ƙarara, ana kiransa French 95, ƙanin French 75 ne da ake yi da giyar jin a madadin wiski. Kar ka kuskura ka sa mai kumfa cikin gwangwanin girgizawa, zai buɗe a hannunka ya wanke ka da kwastoma gaba ɗaya, na ga an yi. Akwai kuma Seelbach, bourbon da giyar ɓawon lemu ta Cointreau da bitas kala biyu masu yawa da shampen, wanda labarinsa yake bani dariya, shekara da shekaru ana cewa tun 1917 aka ƙirƙire shi a otel ɗin Seelbach na Louisville a jihar Kentucky, har littattafai suka ɗauka, sai a 2016 Adam Seger ya fito ya amsa cewa shi ya ƙirƙiri haɗin da labarin duka a shekarun 1990. Don haka in ka ji ana baka tarihin wani haɗi mai daɗin ji sosai ka riƙe shi da hannu biyu biyu amma kar ka rantse a kai. Haɗin dai yana da daɗi.

Farar giya ta tebur ba zan ɓata maka lokaci a kanta ba, yawanci wiski yana shafe ta. In dole ne ka nemi mai ƙamshi da ɗan zaƙi kamar Riesling ko Sauternes da wiski mara hayaƙi. Akwai wata dabara da tafi wannan amfani, ragowar jar giyar da ta kwana ɗaya ko biyu kar ka zubar, ka auna ta da sukari daidai wa daida ka ɗora a wuta kaɗan kaɗan har sukarin ya narke, kar ta tafasa, ka huce ka sa a firji. Wannan ruwan sukarin inabi in ka sa shi a whiskey sour, wato haɗin wiski da lemun tsami da ruwan sukari, zai baka launi da ɗanɗanon New York Sour babu wahalar cokali, ranar da mashaya ta cika zaka gode min. Ƴan Birtaniya kuma suna da Whisky Mac, wiskin Sikotilan da giyar citta irin Stone's wadda da busasshen inabi ake yinta, shi kam har rabi da rabi ana yi saboda zaƙi da yajin cittar sun isa su tsaya wa wiskin. In kuma mai ɗumi ne irin na lokacin sanyi, jar giya da kirfa da kanumfari da ɓawon lemu, sai ka sauke daga wuta kafin ka zuba wiskin, mil 15 zuwa 20 a kofi, tunda barasa tana tafasa tun a digiri 78 kuma ƙamshin wiskin ne zai fara gudu.

Wiskin tsibirin Islay mai warin hayaƙi, irin Laphroaig da Ardbeg da Lagavulin, ka yi hattara da shi kusa da jar giyar tebur. Hayaƙi da bauri in sun haɗu abin da nake ji a baki toka ce da ƙarfe. Amma ka ba shi Pedro Ximénez ko Oloroso ka ga yadda yake kwantar da kai.

Saura maganar abokin aikinka, wai haɗawar ce ke kawo ciwon kai. Barasar da ke cikin inabi da wadda ke cikin wiski sinadari ɗaya ce, etanol, hanta bata tambayar daga gonar inabi ka fito ko daga gonar sha'ir. Abin da ke kwantar da mutum washegari yawan abin da ya sha ne da saurin da ya sha shi. A 2019 an wallafa wani bincike da masana daga jami'ar Witten/Herdecke ta Jamus da ta Kambirij suka yi kan mutum 90, aka ba wasu giyar sha'ir kafin ta inabi wasu aka juya musu, ba a ga wani bambanci a wahalar washegari ba. Inda abokin naka yake da ɗan kamshin gaskiya shine giya masu duhu kamar bourbon da jar giyar inabi suna da wasu sinadarai da ke samuwa wajen ruɓawa da zaman ganga, kuma an gwada an ga bourbon yafi vodka wahalar da mutum washegari ko da adadin barasar ɗaya ne. Amma wannan halin kowannensu ne shi kaɗai, ba wai haɗuwarsu ce ta haifi wata guba ba.

Haɗarin gaske a wani wuri yake, kuma kai da ke riƙe da ma'auni ya kamata ka fi kowa saninsa. Yi lissafi, Manhattan ɗaya, mil 60 na wiski mai kashi 45 zallar barasa mil 27 kenan, mil 30 na vermouth mai kashi 16 kusan mil 5, jimla wajen mil 32, in ka mayar gram wajen 25. A Amurka gram 14 suke ƙirgawa a matsayin sha ɗaya, a Birtaniya awonsu ɗaya gram 8 ne, kaga ɗan ƙaramin kofin nan kusan biyu ne a lissafin Amurka, uku a na Birtaniya, hanta kuma abin da take iya sarrafawa a awa ɗaya bai kai rabin haka ba. Ga zaƙi ya rufe zafin, ga sanyi, mutum yana hira ya shanye uku yana cewa ai uku kawai na sha. Masu kumfar ma sun fi yaudara don suna sauka kamar lemo kuma iskar da ke ciki tana sa barasa saurin shiga jini ga mutane da dama. Don haka ka auna komai da ma'auni kar ka zuba da ido, ka ajiye ruwa kusa da kowane kofi ba sai an roƙa ba, wanda ka ga harshensa ya fara nauyi ka daina ba shi ko zai yi fushi, wanda zai tuƙa mota da mai juna biyu da mai shan magani irin metronidazol ko maganin barci ba ruwansu da wannan duka. Kuma kar ka taɓa gaya wa kowa wai saboda akwai jar giya a ciki yana gyara zuciya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a farkon 2023 cewa babu wani adadin barasa da za a ce bashi da illa ga lafiya.

In kwastoman nan ya dawo, kar ka tsaya dogon ban haƙuri, ka tambaye shi mai tsami yake so ko mai ƙarfi. In yace mai tsami ka yi masa New York Sour a gabansa ya ga yadda jan yake shimfiɗuwa, in yace mai ƙarfi ka juya masa bourbon da tawny port da bitas. Amma kafin nan yau in an tashi ka je ka shinshina kwalbar vermouth ɗinku, ina da yaƙinin ba a firji take ba.